Shin waya za ta iya gane gubar da ke cikin ƙurar gini? Abin da aikin Dareta da Bagega ya nuna

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da inda ake rushe tsohon shago ko ake kankare fentin ajin makaranta ya san yadda ƙura ke turnuƙe wuri cikin minti biyu. A garuruwa irin su Kasuwar Daji, Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi, samari ne ke yin mafi yawan wannan aiki: lebura, ɗan fenti, yaron kafinta, mai yankan tayil. Kusan kowannensu da waya a aljihu, kuma da yawa daga cikin wayoyin suna nuna wata lamba a manhajar yanayi da ake cewa ma'aunin ingancin iska ce. Lambar kan zo da launi, kore ko rawaya ko ja. Tambayar da ta dace a yi ita ce ko wannan lamba tana da wata alaƙa da ƙurar da mutum yake shaƙa a cikin ɗakin da ake gyarawa.

Amsar a taƙaice: babu. Amma dalilin da ya sa babu, da kuma na'urorin da suke yin aikin da gaske, abu ne da jihar Zamfara ta fi kusan ko'ina a duniya saninsa, kuma da tsada ta san shi.

Abin da ya faru a Anka da Bukkuyum

A farkon shekarar 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda ke zagayen sa ido kan cutar sanƙarau da ƙyanda, suka ga yara ƙanana na mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Yaro zai fara amai, ciki ya riƙa ciwo, sai jijjiga, sai suma. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi aiki ba. Sai da aka aika jini ɗakin gwaje-gwaje a Turai aka gano gubar dalma ce. Mutanen ƙauyukan sun ce tun kafin yaran su fara ciwo agwagi sun ɓace daga gari, amma ba wanda ya haɗa abubuwan biyu.

Tushen matsalar zinariya ce. Farashinta ya hau, mutane suka shiga haƙa, kuma dutsen da ake haƙowa a yankin cike yake da dalma. Ana kawo shi cikin gida, a farfasa da guduma, a daka a turmi, a kai injin niƙa irin wanda ake niƙa hatsi da shi, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta sauka a ƙasa, a bango, a tabarma, a kwanon abinci. Binciken da cibiyar CDC ta Amurka ta yi a ƙauyukan Dareta da 'Yargalma ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda. Wato ɗaya cikin huɗu. Cikin waɗanda aka gwada jininsu, kashi 97 cikin ɗari dalmar jikinsu ta kai ko ta wuce maikirogiram 45 a kowace desilita ta jini, matakin da likita ke fara ba da maganin fitar da guba. A jimlace an ƙiyasta yara sama da 400 ne suka rasu.

Likitocin sun fuskanci wata matsala: ba amfani a wanke jinin yaro da magani sannan a mayar da shi gidan da ƙasarsa guba ce. Saboda haka aka sa sharaɗi cewa sai an tsaftace gari sannan a fara magani gadan-gadan. Nan ne kamfanin injiniyoyin muhalli na TerraGraphics daga jihar Idaho ta Amurka da cibiyar Blacksmith, wadda yanzu ake kira Pure Earth, suka shigo tare da ma'aikatan gwamnatin jiha da sarakuna. Tsakanin 2010 da 2013 an kwashe gurɓatacciyar ƙasa da tarkacen ma'adini sama da kubik mita 27,000 daga gidaje da wuraren aiki 820 a garuruwa takwas, cikinsu har da Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru, Duza da Bagega. Mafi yawan aikin da hannu aka yi shi, da fartanya da shebur da buhu da baro. An zuba sabuwar ƙasa mai tsafta a saman inda aka kankare, an binne tsohuwar a ramukan da aka tanada a bayan gari, an share ɗakuna an wanke.

Bagega ce ta zo ƙarshe, kuma jinkirin kuɗi ne ya sa. Matasa masu waya ne suka taimaka aka motsa: gangamin da Hamzat Lawal da abokan aikinsa na Follow The Money suka yi a Twitter da Facebook da sunan ceto Bagega, tare da matsin lambar ƙungiyoyi irin su Human Rights Watch, ya kai ga gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin aikin a farkon 2013. To wannan wani amfani ne da waya ta yi na zahiri. Amma ba ita ta auna gubar ba.

Na'urar da ta yi aikin

Abin da ya nuna wa ma'aikatan inda za su kankare wata na'ura ce ta hannu mai suna XRF. Siffarta kamar injin huda katako na batir, da ɗan allo a bayanta. Ana ɗora bakinta a ƙasa ko a bango a danna, sai ta harba hasken X-ray mai rauni cikin abin. Kowane sinadari idan wannan haske ya buge shi yakan mayar da nasa hasken mai ƙarfi na musamman, kamar yadda kowane mutum yake da zanen yatsansa. Dalma da nata, ƙarfe da nasa, jan ƙarfe da nasa. Na'urar tana ƙirga abin da ya dawo, cikin daƙiƙa talatin zuwa minti ɗaya ta rubuta adadin dalma a allo.

A lokacin, ƙa'idar Amurka ga ƙasar da yara ke wasa a kai ita ce kada dalma ta wuce kashi 400 cikin miliyan. A wasu wurare a ƙauyukan Zamfara na'urar ta nuna sama da 100,000 cikin miliyan. Wato kashi goma cikin ɗari na ƙasar dalma ce. Da wannan na'ura aka zana taswirar kowane gida: inda ya wuce 1,000 a kwashe, inda yake tsakanin 400 da 1,000 a rufe da sabuwar ƙasa. Bayan an kwashe a sake aunawa, bayan an rufe a sake aunawa. Ita kanta ƙasar da za a kawo sai an auna ta tukuna.

Sai dai XRF abin da ya kwanta take aunawa, ba abin da ke yawo a iska ba. Kuma farashinta dubban daloli ne, ba kayan shagon waya ba ce. Tana kuma fitar da haske mai illa, don haka ba a nuna ta ga jikin mutum, kuma mai riƙe ta sai an horar da shi.

Jini kuma da wata ƙaramar na'ura mai suna LeadCare II aka riƙa gwadawa, wadda ɗigon jini kaɗan ke isarta ta ba da sakamako cikin minti uku. Iyakarta maikirogiram 65. Jinin yara da yawa ya wuce abin da za ta iya karantawa, sai da aka riƙa sirka jinin kafin a samu lamba.

Yadda ake auna iska da gaske

Auna guba a iska ya fi auna ta a ƙasa wahala, domin abin da ake nema ƙanƙani ne ƙwarai kuma a warwatse yake. Dabarar da masana ke bi ba ta da wani kyalkyali. Ana ɗaura wa ma'aikaci ƙaramin famfo mai batir a ƙugu, girmansa bai wuce fawa-bank babba ba. Siririyar tiyo ta taso daga famfon zuwa wuyan rigarsa, kusa da hanci. A bakin tiyon akwai wata 'yar roba mai ɗauke da farar takardar tacewa, faɗinta milimita 37. Famfon yana zuƙar iska a hankali duk tsawon aiki, ƙurar tana maƙalewa a takardar. Idan an tashi sai a rufe robar, a rubuta mata lamba, a aika ɗakin gwaje-gwaje, a narkar da takardar cikin asid a auna dalmar da ta kama.

Lissafin ba wuya. A ce famfon yana jan lita 2 a minti, aka yi awa 8 ana aiki. Minti 480 sau 2, lita 960 ke nan, ƙasa kaɗan da kubik mita ɗaya. Idan ɗakin gwaji ya samu maikirogiram 48 na dalma a takardar, sai a raba 48 da 0.96, a samu 50 a kowace kubik mita. Wannan 50 ɗin ita ce daidai iyakar da hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta sa wa aikin awa takwas. Tun daga 30 ma doka ta tilasta wa mai kamfani ya fara gwada jinin ma'aikatansa. Maikirogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram, abin da ido ba ya gani ko a tafin hannu.

Me ya sa a wuyan riga ake maƙala ta ba a bango ba? Saboda ƙura ba ta rarraba kanta daidai. Wanda ya sunkuya a kan injin yanka yana iya shaƙar ninkin-ba-ninkin abin da na bakin ƙofa ke shaƙa. A manyan ayyuka akan haɗa uku: ɗaya a jikin ma'aikaci, ɗaya a iyakar wurin aiki don sanin abin da ke fita zuwa maƙwabta, ɗaya kuma can nesa ta inda iska ke tasowa, don a san yadda iskar gari take ko da ba a aikin.

An yi irin wannan awo a Arewa. Bayan ɓullar gubar dalma a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015, ƙungiyar Occupational Knowledge International tare da MSF sun ɗaura wa masu haƙa da masu niƙa dutse waɗannan famfuna a yankin Shikira. Sun auna kafin a canja komai, sannan aka sa wa injunan niƙa feshin ruwa mai laushi, aka sake aunawa. Dalmar da ke iska ta ragu da kusan kashi 95 cikin ɗari, ƙurar dutse mai shiga huhu ta ragu da kusan kashi 80. Ruwa kawai. Da ba a yi awon farko da na biyu ba, da maganar ta tsaya a "ga alama ƙura ta ragu".

To ƙananan na'urorin da ake sayarwa a intanet fa?

Nan ne ruɗanin yake. Akwai na'urori masu sauƙin kuɗi, irin su Temtop, PurpleAir da AirVisual na kamfanin IQAir, wasu da allo, wasu kuma suna tura sakamako zuwa waya. A cikinsu akwai 'yar fanka da ke jawo iska ta ratsa gaban hasken leza. Duk ƙwayar ƙurar da ta gifta takan warwatsa hasken, sai wani ido na lantarki ya ƙirga walƙiyar. Daga yawan walƙiya da ƙarfinta na'urar ke ƙiyasta nauyin ƙura, ta rubuta PM2.5 da PM10. Lambobin girman ƙwayar suke nufi: PM2.5 ita ce wadda faɗinta bai wuce maikiromita 2.5 ba, kusan kashi ɗaya cikin talatin na kaurin gashin kai, mai iya kutsawa har ƙasan huhu. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021, matsakaicin PM2.5 na awa 24 bai kamata ya wuce maikirogiram 15 a kubik mita ba, na PM10 kuma 45.

Na'urar tana ƙirga ƙura, amma ba ta san ƙurar mece ce ba. Garin masara, hayaƙin turaren wuta, hazon hunturu da garin dutsen zinariya duk ɗaya suke a idonta.

A ɗauki misali. Ranar da hazo ya sauko a Zurmi cikin watan Janairu, allo ya nuna 500. Idan ƙurar daga ƙasa mai tsafta take, mai dalma kashi 25 cikin miliyan, to dalmar da ke kowace kubik mita ba ta wuce maikirogiram 0.0125 ba. Ƙurar za ta sa tari, za ta tayar wa mai asma ciwonsa, amma ba gubar dalma ba ce. A wani tsakar gida kuma, inda ake share ƙasa mai dalma 100,000 cikin miliyan, allo ya nuna 500 ɗin dai. Nan dalmar maikirogiram 50 ce, ninki dubu huɗu. Lamba ɗaya, launi ɗaya, amma ɗayar iska hazo ce kawai, ɗayar kuwa ta kai iyakar da aka sa wa baligi mai aikin masana'anta, balle jariri.

Akwai ƙarin rauni. Sensa masu araha sun fi ƙwarewa a kan hayaƙi fiye da ƙura mai kauri irin ta gini, kuma sukan nuna ƙasa da abin da ke akwai idan ƙurar manya ce. Da damina, laima kan sa su nuna sama da gaskiya. Idan suka daɗe cikin ƙura, hanyar iskar takan toshe, lambobin su karkace ba tare da wata sanarwa ba.

Duk da haka ba kayan banza ba ne, idan an san abin da ake tambayarsu. Amfaninsu shi ne saurin amsa. Famfo da takarda sai an jira kwanaki kafin sakamako ya dawo, ita kuwa leza nan take take nuna canji. Idan an riga an tabbatar fentin bango yana da dalma, to duk tashin lamba a ɗakin da ke maƙwabtaka yana nufin ledar da aka rufe ƙofa da ita ta yage, ko an daina yayyafa ruwa. A manyan wuraren aiki haka ake haɗa su: mai leza ta zama ƙararrawa, famfo da ɗakin gwaji su zama alƙali.

Ga mai niyyar saye a arewacin Zamfara, akwai abin lura da masu talla ba sa faɗa. Na'urar da ba ta da allo, wadda sai ta hau intanet kafin a ga sakamakonta a manhaja, tana iya zama dutse a hannu. A watan Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a faɗin jihar na tsawon makonni saboda matsalar tsaro, kuma ko babu wannan, sabis ba ya tsayawa a ƙauyuka da yawa. Mai allo a jikinta, mai batir da ake caji da wayar USB, mai ajiye bayanai a cikinta, ita ta fi dacewa.

Daga ina lambar da ke waya take zuwa?

Wayoyin da ke kasuwa, daga Tecno da Infinix har iPhone da Samsung, ba su da sensar ƙirga ƙura. Lambar da manhajar yanayi ke nunawa daga intanet take saukowa. Inda akwai tashar awo a kusa, daga can ake ɗauka. Inda babu, kuma tashoshin awo ƙalilan ne a Najeriya, yawanci a manyan birane, to ƙiyasi ne da kwamfuta ta haɗa daga hotunan tauraron ɗan'adam da lissafin tafiyar iska, wanda ke ba yanki mai faɗin kilomita da yawa lamba guda. Zai iya nuna cewa hazo na tafe daga hamada. Ba zai san cewa ana yanka silin a shago na uku daga bakin tasha ba. Manhajar da ke iƙirarin auna guba da kyamara ita kaɗai kuwa, talla kawai take nema.

Akwai dai wata sabuwar dabara mai ban sha'awa da ta fito daga cibiyar bincike ta AMOLF a Amsterdam, ana sayar da ita da sunan Lumetallix. Ruwa ne ake fesawa a bango ko kwano, a haska da tocila mai hasken UV. Idan akwai dalma, wurin sai ya yi ƙyallin kore. Tana nuna akwai ko babu a saman abu, ba ta ba da adadi kamar XRF ba, kuma ba iska take aunawa ba. Amma ga mai son sanin ko ya kankare fenti a bushe ko kada ya yi, wannan amsar ma ta isa ta canja shawara.

Fenti da asbesto: haɗarin da ya fi kusa

Ƙauyuka takwas da aka tsaftace suna kudu maso yammacin jihar, nesa da Kasuwar Daji. Saurayin da ke aikin gini a Ƙauran Namoda ko Shinkafi ya fi yiwuwa ya gamu da guba ta wasu hanyoyi biyu.

Ta farko fentin mai ne, wanda ake shafa wa ƙofofin ƙarfe, tagogi da ƙasan bangon azuzuwa. An daɗe ana zuba masa sinadaran dalma don launi da saurin bushewa, musamman rawaya, ruwan lemo da ja. Gwajin da ƙungiyar SRADev ta Legas ta yi tare da IPEN a kan fentin da ake sayarwa a kasuwannin Najeriya ya samu mafi yawan fentin mai sun wuce kashi 90 cikin miliyan, iyakar da Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba ƙasashe shawarar su sa. Fenti da ke zaune lafiya a bango haɗarinsa kaɗan ne. Ranar da aka sa masa samfefa, ko aka ƙona shi da wuta don ya ɓare, ranar ya zama ƙura da hayaƙi. Kuma abin da Zamfara ta nuna shi ne ƙurar ba a iska take tsayawa ba: tana sauka, yaro ya yi rarrafe a kanta, ya kai hannu baki. Jikin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke tsotsewa. Uban da ya dawo gida da kayan aiki a jikinsa ya ɗauki ɗansa, ya kawo masa wurin aikin har ɗaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. A 2010 lambar da CDC ke ɗauka abin damuwa 10 ce, a 2021 ta sauko da ita zuwa 3.5.

Ta biyu ita ce asbesto, farin rufi mai kauri da allunan silin da suka cika makarantu, asibitoci da gidajen ma'aikata da aka gina a shekarun 1970 da 1980. Cikin simintin akwai zaruruwan wani ma'adini, siraran da ido ba ya gani. Idan an fasa allon, ko an yanka shi da injin giranda, ko an jefo shi daga saman jinka ya tarwatse, zaruruwan su tashi su daɗe suna shawagi. Waɗanda suka shiga huhu ba sa narkewa. Ciwon da suke jawowa, taurin huhu da kansar huhu da kansar fatar da ta lulluɓe huhu, sai bayan shekara 20 zuwa 40 yake bayyana. Wanda ya shaƙa yana ɗan shekara 19 yana iya jin sakamakon yana da jikoki, lokacin da ba wanda zai tuna da ranar da aka sauke rufin firamare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sama da mutum 200,000 ke mutuwa duk shekara sanadin shaƙar asbesto a wurin aiki.

A nan na'urar leza ba ta da wani abin cewa ko kaɗan. Ba da nauyi ake auna asbesto ba, ƙirga zare ake yi ɗaya bayan ɗaya. Ana jan iska ta takardar tacewa, a mayar da takardar garau da sinadari, ƙwararre ya duba ta madubin ƙara girma ya lissafa. Iyakar OSHA ita ce zare 0.1 a kowane kubik santimita na iska. A Ingila, bayan an gama cire asbesto, ba a buɗe ɗaki ga jama'a sai awo ya nuna ƙasa da 0.01. Kafin wannan awon na ƙarshe ma da gangan ake karkaɗe bango da ƙasa da buroshi don a tayar da duk abin da ya kwanta, saboda ɗakin da aka rufe tun jiya iskarsa za ta fito fes ko da ƙasansa cike yake da zare. A can kuma ana killace wurin aikin da leda, a sa injin da ke zuƙe iskar ciki ta matatar HEPA, mai kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyi masu girman maikiromita 0.3, ta yadda ko leda ta huje iska ciki za ta shiga, ba waje za ta fita ba.

Babu wanda zai ce magini a Kasuwar Daji ya kafa wannan duka don sauya silin ɗaki biyu. Abin da ke hannunsa shi ne abin da awon Shikira ya tabbatar: ruwa. A jiƙa allo kafin a taɓa shi, a kwance ƙusa a sauke shi ɗungurungum da hannu, kada a yanka, kada a jefa. A shimfiɗa leda a ƙasa, a naɗe tarkacen a ciki, a goge da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya. Ɓaraguzan kada su koma cikon rami a ƙofar gida ko murfin akurkin kaji, inda aka saba kai su. Yara da masu ciki su bar gidan har a gama. Takunkumin asibiti da rawani ba sa tare irin wannan ƙura. N95 da ya zauna daram a fuska ya fi su nesa ba kusa ba ga ƙurar siminti da ta tayil, amma ga asbesto da fentin dalma abin da ake so shi ne na roba mai matata P100 ko P3, kuma gemu yana hana kowannensu kama fuska yadda ya kamata.

Na'ura ɗaya da ta cancanci kuɗinta

Akwai guba ɗaya da ƙaramar na'ura mai araha ke kamawa kai tsaye, ita ce iskar kabon monoksaid da ke fita daga janareta. A wurin gyaran gini akan shigo da janareta cikin baranda ko ɗakin da ba a gama ba don gudun ɓarayi ko ruwan sama, masu gadi ko leburori su kwana a gefe. Iskar ba ta da launi ba ta da wari, tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi, mutum ya wuce daga barci. Ƙararrawarta ba ta kai tafin hannu biyu ba, da batir take aiki, ba ta buƙatar sabis. Sensar da ke ciki tana tsufa bayan wasu shekaru, don haka a duba ranar ƙarewar da aka buga a bayanta kafin a biya kuɗi.

Ga babban aiki kuwa, kamar gyaran makaranta ko asibiti, gwajin samfur kafin a fara rushewa shi ne matakin farko, kuma ba sai an kai Turai ba. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tana da na'urorin tantance sinadarai a ƙasa da ƙura, hukumar NESREA ce ke da alhakin tabbatar da dokokin muhalli a matakin tarayya, kuma MSF ta miƙa shirinta na gubar dalma ga hukumomin jihar Zamfara a 2022 bayan sama da shekara goma, da ma'aikatan jihar da suka koyi aikin a Anka da Bagega. Ɓallin fenti da aka kankaro a jiƙe, ko cokali biyu na ƙasar tsakar gida, a cikin leda mai zif da aka rubuta wa wuri da kwanan wata, ya isa a fara da shi. Hoton wurin da aka ɗebo samfurin, tare da lambobin GPS ɗinsa, shi ne aikin da wayar za ta yi.